Littafin da Muka Yanka Gida Uku

Ranar wata Laraba a tsakiyar damina, shekarar da nake aji uku na ƙaramar sakandare, na zauna a kan ƙirjin 'yar uwata Balki a bakin famfon makarantarmu ina dukan bakinta. An yi ruwa da safe, wurin duk ya zama caɓi, fararen hijabanmu sun koma kalar kunun kanwa. Ita ta fara. Bokitin ƙarfe ta wurgo mini ya same ni a ƙauri, ni kuma na kamo wuyan hijabinta na fizge ta ƙasa. Ta kafa mini haƙora a dantse ta ƙi saki, har yau tabon yana nan. Ƙawarmu Rifkatu ta shigo raba mu, gwiwar hannuna ta same ta a ido, ta koma gefe ta tsuguna. 'Yan ajinmu sun kewaye mu, wasu suna zuga ni, wasu suna zuga ta, har malamin horo ya iso da dorina ya tarwatsa taron. Da ya tsayar da mu muna haki, jini na bin haɓar Balki, ya tambayi abin da ya haɗa mu. Wata ta ce a kan wani saurayi ne mai suna Munnir. Ya ce ɗan wace unguwa ne, a nemo masa shi. Aka ce ai a littafi yake. Ya dube mu ya sake dubanmu, sannan ya ce mu miƙo hannu. Bulalar da muka sha a kan wannan amsar ta fi ta faɗan yawa.

Balki ɗiyar yayar Innata ce, ta ɗan girme ni, amma ajinmu ɗaya. Daga Tsafe aka kawo ta gidanmu a Tudun Wada don ta yi makaranta a Gusau, kuma da ƙyar babanta ya yarda. Sharaɗi ɗaya ya kafa a gaban kowa: ranar da ya ji an ambaci sunanta tare da na wani namiji, ranar za ta koma gida, karatu ya ƙare. Tabarmarmu ɗaya, kwanon tuwonmu ɗaya. Tare muke ɗebo ruwa a rijiyar burtsatse ta bakin masallaci, tare muke kai niƙan waken suya, mu dawo mu tace, Inna ta dafa awara, da la'asar mu zauna a ƙofar gida muna soyawa muna sayarwa. In ciniki ya lafa mu yi carafke da duwatsu a dakalin zaure, ko mu zana 'yar gala-gala a ƙasa da gawayi. Ita mai sanyi ce, komai nata a hankali, tsintsiya ma sai ta daidaita bakinta kafin ta fara shara. Ni kuwa Inna kan ce ko ruwan zafi aka ba ni ba na jira ya huce. Balki ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai a kan littafin nan.

A ajinmu akwai wata dabara da muka gada daga manyanmu. Littattafan soyayya ba su da yawa, masu son karantawa kuwa aji guda, kuma in malami ya kama ki da shi ya tafi ke nan. Saboda haka in littafi ya shigo, sai a sa reza a bi ta bayansa a yanka shi gida uku, kowane kashi a ɗinke shi da zaren kitso. Kashi ɗaya ba shi da kauri, yana shiga cikin littafin lissafi ba a gane ba, kuma mutum uku na karatu a lokaci guda. Wanda ya zo hannunki shi za ki fara, sauran ki bi su daga baya ki haɗa labarin a kanki. Wannan littafin Rifkatu ce ta zaro shi daga akwatin yayarta. Iyayenta mutanen Filato ne, aikin asibiti ya kawo babanta Gusau, kuma duk ajin babu mai saurin karanta Hausa kamarta. Bangon ya daɗe da fita, ba mu san sunan littafin ba balle wanda ya rubuta shi. Da aka yanka, Balki ta ɗauki farko, Rifkatu ta ce a bar mata ƙarshe, ni na warce tsakiya. Na tsani farkon littafi. Sai an ɓata shafi goma ana kwatanta idon yarinya da gashin girarta kafin wani abu ya faru.

A tsakiyar nan na fara haɗuwa da Munnir, kuma shafin farko da na buɗe mari yake yi. Yarinyar, Sakina, ta amsa gaisuwar wani ɗan ajinsu a hanya, ya ja ta bayan wani kango ya kwaɗa mata mari har ɗankunnenta ya yaga fatar kunnen. Gaba kaɗan ya murɗe mata hannu don ta yi dariya a gidan biki. Gaba kuma ya hankaɗa ta kan salansar babur mai zafi, ƙafarta ta saɓule. Duk lokacin da ya yi, sai ya zauna ya yi kuka ya ce son da yake mata ne ya yi masa yawa, ita kuma ta je gida ta ce faɗuwa ta yi. Kashina ya ƙare tana kwance a asibiti. Na rufe na ce wannan ɗan iska ne, kamata ya yi a ɗaure shi a turke kamar jaki.

Balki kuwa wani Munnir ta sani daban. A kashinta maraya ne da ke zaune wurin kawunsa, ana ba shi ƙanzo. Shi ke karɓar tulun Sakina a hanyar rijiya, shi ya tsaya cikin ruwan sama yana jiran ta fito daga makarantar Islamiyya, shi ya sayar da tantabarunsa ya saya mata takalmi. Rifkatu kuma ta san na ƙarshe, wanda ya durƙusa a bakin gadon asibiti ya tuba, ya tafi ya yi karatu, ya dawo da mota aka ɗaura aure. Kafin mako ya zagayo ajin ya rabu uku, 'yan farko da 'yan tsakiya da 'yan ƙarshe. Abin da ya fi ba ni haushi, ko bayan kowa ta karanta duka ukun, ba wadda ta sauka daga kan wanda ta fara da shi. 'Yan farko su ce, "Ba ku san wahalar da ya sha ba ne." 'Yan ƙarshe su ce, "To ai ya daina, kuma ya aure ta." Mu 'yan tsakiya mu ce a tambayi ƙafar Sakina. Wata mai suna Hadiza, da ke zama a benci na baya, ta ce ita namijin da bai taɓa marinta a kan kishi ba ba ta yarda yana sonta ba, aka yi ta shewa ana buga tebur. Rifkatu ta ce a cocinsu ana koya musu yafiya, amma ita da za ta yafe daga nesa ne, daga gidan ubanta. A bakin famfo ran Larabar nan, abin da na ce kawai shi ne duk wadda ke son Munnir jaka ce, ita da Sakinar. Sai bokiti.

Kwana biyu bayan faɗan muna wanke-wanke a bakin rariya, Balki ta naɗe hannun riga. Na ga shatin yatsu a tsintsiyar hannunta, baƙi ƙirin, kuma na san ba nawa ba ne, don ni baki na daka. Nan take kaina ya kawo mini Lawali. Yaron wani mai gyaran babur ne a bakin titinmu, kullum da la'asar sai ya zo sayen awara, ya tsaya ya daɗe, wani lokacin ya ajiye mata rake ko goruba a gefen tire. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, ubangidansa na dukansa da sifana, kowa a layin ya sani. Na tambaye ta, ta ce ƙofa ce. Na ce ƙofar mai yatsu huɗu. Ta yi ta cuɗa tukunya ɗaya har ta kusa huda ta, can ta ce, "In kin hwaɗa ma Inna, Tsafe za a maishe ni. Ke kin san haka." Na sani. Shi ya sa bakin nan nawa da ba ya riƙe magana ya riƙe wannan. In na faɗa, karatunta ya tafi. In na yi shiru, Lawali na nan. Na ƙare zangon ina kallon hannuwanta da wuyanta kamar mai duba akuya a kasuwa, kuma kusan kowane mako akwai sabon abu. Sati na ƙarshe kafin hutu ta dawo daga kai niƙa tana dafe da kunnen hagu, ta kwanta ba ta ci tuwo ba.

Hutun nan a Bungudu muka yi shi, gidan kakarmu Iya. A lokacin ana zuwa gona ba fargaba. Da sassafe mu bi matan gida cirar ciyawa a gonar gyaɗa, mu tsinko yakuwa da kuɓewa, mu dawo da ƙaiƙayi a ƙafa, da rana kuma a baje a inuwar ɗurumin tsakar gida ana ɓarar tsohuwar gyaɗa ana surfe. Na taho da kashi ukun a ƙasan jakata. Matan gidan ba su yi boko ba amma suna son labari, sai suka ce in karanta musu. Da gangan na fara da tsakiya. Ina so Balki ta ji abin da mutane za su ce in ba a fara sayar musu da tantabaru ba. Na ɗaga murya na karanta marin, da murɗe hannun, da salansar. Matar kawuna ta ce Allah ya tsine masa. Wata maƙwabciya ta ce ai yarinyar ce da rawar kai, me ya kai ta gaisawa da wani. Suka kaure da gardama kamar 'yan ajinmu, har taɓarya ta tsaya. Iya kuwa abin da ta kama shi ne inda aka ce washegarin marin Sakina ta tashi garau ta tafi makaranta. Ta tofar da ɓawon gyaɗa ta ce, "Wanda ya rubuta wanga abu ba a taɓa marinai ba. Mari irin wanga, kunne kwana da kwanaki shika yi yana kuka, wani ma ba shi dawowa." Sannan ta ce, "Kuma ita ɗiyar ba ta da kowa? Duk littahin ba mai ido?"

Ba ni take kallo ba da ta faɗi haka. Balki take kallo, wadda tun zuwanmu in an yi mata magana sai ta juyo da gefen dama. Balki ta ajiye faifai ta shige ɗaki. Da yamma na ga Iya ta kwantar da kan Balki a cinya tana ɗiga mata man da ta ɗumama a kunnen. Ranar da za mu koma, Iya ta riƙe ni a zaure ta ce, "Ke mai bakin tsiya, ina bakin naki ya tahi?" A mota na ba Balki kashin tsakiya na ce ta sake karantawa. Ta ce ta karanta sau biyu, kuma ni ce ban gane ba, don ban san shi tun yana mutumin kirki ba. Ban tambaye ta wa take nufi ba.

Makon farko na sabon zango kowace ɗaliba da fartanya take zuwa, saboda ciyawa ta cinye filin makaranta a lokacin hutu. Mun tashi da azahar, ni da Balki da Rifkatu, fartanyu a kafaɗa, tafin hannu duk kanta. A lungun da ke bayan injin niƙa muka tarar da Lawali zaune a kan wani babur da ya fito gwadawa, da wayar birki naɗe a hannunsa. Bai dube ni ba, bai dubi Rifkatu ba. Ya ce wa Balki, "Wa kika tambaya kika tahi Bungudu?" Ta fara cewa Inna ce ta aike mu, ba ta ƙarasa ba ya zuba mata wayar a wuya. Ƙarar ta yi kamar an yaga sabon yadi. Ta durƙusa, ya ƙara mata a baya, hijabin ya tsage, jan layi ya fito. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ta yi ihu ba. Hannu ta ɗaga tana cewa ya yi haƙuri mutane za su gani.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na juya fartanyar na kama ta ta wajen ƙarfen, na sauke masa ƙotar a hannun da ke riƙe da wayar. Na ji wani abu ya yi ƙas. Ya juyo ya naushe ni da ɗayan hannun a baki, na faɗa kan babur ɗin muka zube tare, na tofar da jini da rabin haƙorin gaba. Ya taka mini ciki. Na kama ƙafarsa na ciza har na ji gishiri. Rifkatu ce ta yi abin da ya kamata tun farko, ta ruga bakin titi tana kururuwa, mai injin niƙa da masu acaɓa suka cika lungun. Sun yi masa dukan da ni kaina sai da na kau da kai, wani da bel, wani da icen wuta, yana birgima a cikin kwata yana kiran sunan uwarsa. Sai ga Balki, wuya na jini, ta faɗa a kansa ta rufe shi da jikinta tana roƙo a bar shi. Da haka aka daina. Da haka kuma duk Tudun Wada ta ji sunanta tare da nasa.

Inna ta wanke mata ciwon da ruwan gishiri tana kuka tana zaginta, ta juyo ta zage ni a kan shirun da na yi, ta kuma zage ni a kan fartanyar. Ta aika Tsafe ta roƙi a bar yarinyar ta ƙarasa ko da wannan shekarar ce. Babanta ya zo da kansa bayan kwana kaɗan, ko ruwa bai sha ba, ya ce ta ɗauko kayanta. Ya cika maganarsa. A asibiti aka ce dodon kunnen hagun ya fashe tun tuni, ba abin da za a yi. Lawali ya bar layinmu da hannu a ɗaure, ban sake ganinsa ba, ban kuma nemi labarinsa ba. Da Balki za ta fita ta naɗe tabarmarmu ta jingine a bango, ta wuce ni a zaure kamar ba ta san ni ba. Ta ɗauki shekaru ba ta yi mini magana. Ni na gama sakandare da guntun haƙori, ita ta koyi ɗinki a wurin wata mata a unguwarsu. Da na duba jakata bayan tafiyarta, kashi biyu na samu. Ta tafi da farkon.

Yanzu ba mai yanka littafi da reza. A waya ake karantawa, shafi bayan shafi, kowa daga farko take farawa, kuma ina ganin shi ya sa 'yan farko suka yi yawa. Ina cikin zaurukan karatu na waya da dama, kuma duk bayan ɗan lokaci sai an kawo wani labarin mai irin wannan saurayin, da wani sunan, da mota mafi tsada. In ya yi mari sai ki ga 'yan mata sun cika wurin da hoton zuciya, ana cewa kishi ne, ana cewa ai za ta gyara shi. Ni kuma in rubuta abin da ke bakina, a cire ni. An cire ni a wurare da yawa, ban damu ba. Rifkatu tana aikin jinya yanzu a garinsu, takan ce mini ta gaji da ɗinke matan da ƙofa ta buge.

Mun shirya da Balki a wurin rasuwar Iya. Tana da miji mai sanyin hali irin nata da 'ya'ya mata biyu, da keken ɗinki a ɗan shagon ƙofar gida. Hanyar Tsafe ba ta biyuwa yadda ake so yanzu, gonar gyaɗar Bungudu ma an daina zuwa, saboda haka ba na ganinta sosai. Zuwana na ƙarshe tana neman almakashi a cikin wata tsohuwar gwangwanin alewa, na hango kashin nan a ƙasa, takardun sun yi ja, zaren kitson yana nan. Na ce har yanzu ba ta ƙona wannan shara ba. Ta yi dariya ta ce ba ta bari 'ya'yanta su taɓa shi, kuma in sun girma ni za ta turo wa su in karanta musu tsakiya. Sannan ta ce, "Amma farkon da daɗi, wallahi. Ke ba ki taɓa jin daɗinai ba, kin riga kin san abin da ka zuwa." Gaskiyarta ce. Na karanta wurin tantabarun nan, ban ji komai ba sai jiran mari, kuma har yau in namiji ya yi mini kirki hannunsa nake kallo. Wani lokacin nakan so a ce na san yaron nan na cikin ruwan sama kamar yadda ta san shi, ko na yini ɗaya ne. Ta ci gaba da taka keke tana ba ni labarin unguwa, na ce wani abu ba ta ji ba. Na ɗauki kujerata na koma ta damanta.